Ku Tambayi Kawu: Mai mota ya zagi uwata a bakin Kasuwar Dole

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan mako kusan duk kan hanya suka faɗa kamar an haɗa baki, shi yasa na ware na aure da na gado zuwa fitowa ta gaba na ɗauko waɗannan. Na rage tsawon wasu amma ban taɓa ma'anar kowa ba, sunaye kuma kamar kullum na cire su.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni ɗan kabu-kabu ne a unguwar Garin Malam cikin Damagaram nake zaune, moton ma ba nawa bane na wani alhaji ne ina kai mishi kuɗinshi kullum da dare. Ran Alhamis da ta wuce na ɗauko wata tsohuwa da kayanta daga Kasuwar Dole, muna fitowa wani mai mota ya shigo min ta dama ko hon babu, saura ƙiris mu faɗi, da na ɗaga mishi hannu sai ya sauke gilas ya zagi uwata ya wuce abinshi. Kawu uwata bara ta rasu. Wallahi na aje tsohuwar nan na dawo ina zagaya gari ina neman motar har la'asar, ranar ban yi aikin kirki ba, na koma gida na huce kan matata bata yi min komai ba. Kuma ba ranar kaɗai ba, yanzu ko hon aka yi min sai inji kamar an mare ni. Kowa sai yace kayi haƙuri kayi haƙuri, toh dan Allah ya ake yinshi haƙurin?

AMSA: Ɗana, kafin komai Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya sa ta huta, ya sa aljanna makoma. Mutumin nan bai kyauta ba, zagin uwa abu ne mai muni ko uwar tana raye balle ta kwanta dama, kuma ba zan ce maka abin bai kai ya yi zafi ba, ya kai.

Amma ga tambaya ɗaya da nake so ka zauna da ita. Ya san uwarka? Ya san sunanta, ya san ta rasu, ya san kai ka ɗauki makararta? Bai sani ba. Kai kanka bai sanka ba, idan yau ka ɗauko shi a moto daga Sabon Gari zuwa Birni ba zai gane ka ba, zai biya ka kuɗinka har yace maka sannu. Zagin nan yana bakinshi tun kafin ka fito daga kasuwa, wa ya san abinda ya baro a gida ko a wajen aiki, da wani ne a gurbinka shi zai sha. Kamar ruwan wanke-wanke ne da aka watso daga cikin gida zuwa lungu, wanda ke wucewa a lokacin shi yake samu, mai watsawa ta yi laifi da bata leƙo ba amma ba kai ta nufa ba. Kai kuma ka ɗauki zagin da aka jefa ma "wani ɗan kabu-kabu" ka kai shi har kabarin mahaifiyarka, nan ne ciwon ya ninka.

Ka tambayi yadda ake yi, toh ga abinda nake so kayi, kuma da gaske nake. Alhamis mai zuwa, tunda ita ce babbar ranar kasuwar, ka samu rabin awa ka kafe moton nesa, ka zauna wajen mai shayi inda kake hangen hanya, kayi kallo kawai. Ni ina yawan irin wannan zaman kuma yawancin abinda zan faɗa maka a nan na koyo shi. Zaka ga mai adaidaita ya karkato kan wani mai moto ba zato, mai moton ya ɗura mishi ashar, alhali kai da ke gefe ka ga akuyar da ta faɗo hanya wadda mai moton bai gani ba. Zaka ga ɗan ga-ruwa da kura cike da jarkoki ya ƙi tsayawa, ana ta mishi ihu, kai kuwa ka ga gangara ce, in ya tsaya nauyin ruwan ne zai ja shi. Amalanken jaki ba shi da birki ba shi da madubi. Almajiri ya ruga ya tsallaka don ya hango ana rabon sadaka. Sannan abinda yafi koya min hankali, wanda aka tare ma hanya yanzu yana kumfar baki, kafin ya kai ƙarshen layin shi ma ya tare ma wani, kuma bai ma san ya yi ba. Daga kan moto fuskar mutum kawai kake gani sai kace raini ne, daga bencin mai shayi kana ganin fuskar kana ganin dalilin. In ka yi wannan zaman sau da yawa idonka zai saba neman dalili kafin zuciyarka ta yanke hukunci, kuma zaka ga abin ya bi ka har gida da masallaci da wajen biki.

Wani abu kuma da ka faɗa da kanka, kace ta dama ya shigo maka. Dokar hanya ta ƙasarmu, wadda muka gada daga Faransa, tace a mahaɗar da babu danja babu allo, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya. Ban ga wurin ba, ba zan yanke shari'a ba, amma zai iya yiwuwa shi a ganinshi kai ne ka shigo mishi. Da yawan masu moto a garin nan basu taɓa zama ajin koyon tuƙi ba, wani ɗan uwa ne ya koya musu a fili cikin kwana biyu, mai mota yana tafiya da dokar takarda, mai moto yana tafiya da dokar duk wanda ya riga sa kai, kowa yana ganin ɗayan ne mara mutunci. Ka nemi wanda ya yi permi, wato lasisin tuƙi, ya zauna da kai ya nuna maka waɗannan, rabin faɗan zai ragu.

Yanzu maganar jiki. Abinda ya fara zuwa maka a lokacin tsoro ne, ka ga faɗuwa da tsohuwar mutane a bayanka. In mutum ya firgita jikinshi yana sakin wani sinadari da likitoci ke kira adirinalin, zuciya ta hau bugu da sauri, numfashi ya gajarta, hannu ya ɗau rawa, kuma baya sauka nan take, sai ya ɗau lokaci. A wannan halin duk kalmar da ta faɗo a kunnenka wuta ce. Kuma a wannan halin ka murɗa moto kana zagaya gari. Moto mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 cikin daƙiƙa ɗaya, in ya kai 60 kusan mita 17, kuma in gudu ya ninka biyu nisan da birki ke bukata kafin ya tsaida kai ninki huɗu yake yi. Idonka na kan lambobin motoci kana neman wadda ta zage ka, yaron da zai fito daga lungu fa? Wannan shi yafi tada min hankali a wasiƙarka, fiye da zagin.

Maganin da Manzon Allah (SAW) ya bamu ya dace da wannan sosai, yace wanda ya yi fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, kuma ya nemi tsarin Allah daga shaiɗan. Ga mai moto ma'anarshi ka sauka gefe, ka kashe, ka sauko, ka zauna ko a bakin kwalta ne, ka sha ruwa, in da buta kusa kayi alwala. Fasinja zai jira minti biyar, ya fi mishi alheri. Wani mutum ya zo yace ma Annabi yi min wasiyya, yace kada ka yi fushi, ya sake tambaya ya sake bashi amsar nan, ya yi ta maimaitawa amsar bata canza ba. Mu mutanen kokowa ne, tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tahoua duk shekara muna manne da rediyo, Damagaram har gobe ana kiran sunan Langa-Langa, toh hadisi yace mai ƙarfi ba shine mai kada mutane ba, mai ƙarfi shine mai mallakar kanshi lokacin fushi. Na kawo maka wannan ne don na san abinda ke cin samari, tsoron ace kai rago ne an zagi uwarka ka ƙyale.

Ka lissafa ranar kuma. Isansin da ka ƙona, fasinjojin da suka tsaida kai ka wuce, kuɗin alhaji da dole ka cika daga aljihunka, duk kai ka biya, shi mai zagin yana gidanshi ya ci tuwo ya yi barci. Da ka same shi ma me zai faru? Taro, duka, ofishin 'yan sanda, moton mutane a ɗaure.

Matarka kuwa bashi ka ci, ka biya da baki. Kar ka sayo tsire ka aje mata kayi shiru kace ai ta gane, ka zaunar da ita kace ranar nan ga abinda ya same ni a Dole, na zo na sauke miki, ki yafe min. Ka ga ita ma abinda aka yi maka kayi mata, zafin da ba nata ba ya faɗo kanta.

Abu na ƙarshe, kace yanzu ko hon aka yi sai kaji kamar mari. Kalmar "yanzu" ɗin nan na riƙe. Tun yaushe, tun rasuwar? Rashin uwa yana sa zuciya ta yi laushi abu kaɗan ya huda ta, kuma mu maza bama kuka sai mu maida shi faɗa. Ka duba barcinka, ka duba ko kana karyawa kafin ka fita, rana ta watan Afrilu da Mayu a nan tana haura digiri 40 kana cikinta tun safe. Kuma zan tambaye ka a matsayin uba, ba zargi ba, in kana shan ƙwayar nan tramol da wasu abokan sana'arka ke sha don su jure gajiya, ka sani tana taɓa hankali tana sa farfaɗiya a kan moto, kaje asibiti ka faɗa ma likita gaskiya a taimaka maka ka rabu da ita a hankali. In baka sha alhamdulillahi. Ka sake rubuto min bayan wata ɗaya inji yadda kake.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni malamar lakkal ce, wato makarantar boko, da moto nake zuwa aiki. Akwai wata fada da nake wucewa kullum, samarin sai sun yi min magana, wani ya yi fito wani yace mace da moto, har na fara canza hanya. Mijina yace in share. Na biyu kuma ƙanwar mijina ta wuce ni a hanya ina tsaye na ɗaga mata hannu ko kallona bata yi ba, sati biyu kenan ban kira ta ba. Shin duk haƙuri ɗaya ne zan yi?

AMSA: 'Yata, a'a ba ɗaya bane, kuma na ji daɗi da kika haɗo su don a nan mutane ke rikicewa.

Na samarin fada da ke ake. Sun gan ki, sun san kina wucewa, sun zaɓi su yi. Ba zan ce miki wataƙila basu nufa ba. Haƙurin da ya rage miki a nan shine kar ki tsaya kiyi cacar baki dasu, don abinda suke nema kenan, kuma kar ki shiga aji da ɓacin ran ki sauke ma yaran mutane. Amma share wa gaba ɗaya ban yarda da shi ba, ki faɗa ma maigidanki Kawu yace wannan aikinshi ne. Ya je da kanshi cikin mutunci, ya yi sallama, ya sha shayinsu in sun bashi, ya nemi babban fadar yace matata ce ke wucewa nan, malamar ƙannenku ce. Sau da yawa nan take ƙarewa, saboda garin nan in aka bi dangi sai a tarar an haɗa kaka. In basu ji ba akwai mai unguwa akwai liman.

Ku kuma 'yan fada da ke karanta wannan, sahabbai ma sun ce ma Annabi basu da makawa sai sun zauna bakin hanya, wurin hirarsu ne, yace toh ku ba hanya haƙƙinta, runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Ba wanda ya hana ku shayi da hira. Matar da ke kan moto da safe albashi take nema ko asibiti zata kai yaro, kuma fito ɗaya da zai sa ta waiwaya ya isa ya kada ta.

Na ƙanwar miji kuwa, kece mai moto kin fi kowa sani. Ke in kina tuƙi mutum nawa kike ganewa a gefen hanya? Idonki na kan rami da yashi da wanda ke gabanki, ga ƙura, ga gyale ya rufe gefen fuska, in lokacin hazo ne ma sai mutum ya zo dab. Na tabbata akwai wanda ya taɓa ɗaga miki hannu kika wuce, yana can yana cewa malama ta fara girman kai. Alƙur'ani a Suratul Hujurat aya ta 12 yace mu nisanci da yawa daga zato don wani zaton laifi ne. Ki kira ta yau, kice ke kwanakin baya na ɗaga miki hannu kika wuce ni, cikin wasa irin na matar yaya da ƙanwar miji. In bata gan ki ba kin huta, in kuma da wani abu a ranta toh kin buɗe ƙofar da za'a faɗe shi. Sati biyu ya yi yawa.

TAMBAYA: Kawu mai adaidaita ya fasa min madubin mota, ya tsaya ya bani haƙuri, jama'a suka taru kowa na cewa Alhaji a yi haƙuri talaka ne. Ni kuma na karɓi jika uku na gyara. Tun ranar raina bai kwanta ba, na yi rashin haƙuri ne?

AMSA: Alhaji baka yi laifi ba. Wanda ya ɓata abu ya gyara, shari'a ta yarda doka ta yarda, kuma in har baka zage shi ba baka wulaƙanta shi gaban mutane ba baka karɓi fiye da kuɗin gyaran ba, toh ka yi haƙurin ka kuma karɓi haƙƙinka, basa karo da juna. Jama'ar da ke cewa a yafe ba aljihunsu za'a taɓa ba. Yafewa ta fi lada, Suratush Shura aya ta 40 tace wanda ya yafe ya gyara ladanshi na wajen Allah, amma falala ce ba dole ba. Tunda ranka bai kwanta ba ina jin ka ga wani abu a fuskarshi lokacin da yake ƙirga kuɗin, wataƙila cinikin ranar kenan gaba ɗaya. In zaka iya gane shi kuma jika ukun ba zasu rage ka da komai ba, ka maida mishi a ɓoye. Wannan duk maganar madubi ce fa, in akwai rauni ba'a sasanta shi a bakin hanya, a kai mutum asibiti tukuna a kira 'yan sanda su auna su rubuta.

TAMBAYA: Malam Kawu, ni dattijo ne a Birni, jikana ne ke rubuta min wannan. Da can yaro in ya ga babba a lungu sai ya raɓe ya durƙusa ya gaida shi. Yanzu ina tafiya masallaci da sandata sai inji hon a bayana, yaron da na je sunanshi ya wuce ni ya bule ni da ƙura ko sannu babu. Abin yana ƙona min rai har wani lokaci in shiga sallah da shi. Tarbiyya ce ta ƙare ko ni ne na tsufa?

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi ma jikan albarka. Ni ƙaninka ne, ba zan koya maka haƙuri ba, sai dai mu yi tunani tare.

Kana da gaskiya a abu mafi girma, lungunan Birni ba na gudu bane. Tun zamanin da Sarki Tanimu ya kewaye garin da ganuwa, ayarin raƙuma na sauka a Zango da gishiri da kayan Arewa, an yanka lungunan nan ne daidai ƙafar mutum da jaki da doki, suna lanƙwasa suna bin duwatsu, baka ganin abinda ke bayan kwana. Turawa sun shigo a 1899, garin nan ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926 da aka maida shi Yamai, duk wannan lungunan basu ƙara faɗi ba, kuma har yau basu ƙara ba, abinda ya ƙaru moto ne, kusan kowane gida. Gaisuwarmu ma ta mai tafiya a ƙasa ce, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya sanyi, tana son a tsaya. Yaron da ke kan moto ko gudun 30 yake yi yana cin mita 8 a daƙiƙa, kafin ya gane wa ke gabanshi ya wuce. Shi yasa nake roƙonka Baba ka raba abu biyu. Hon ɗin da yawansu a ganinsu sallama ce, ga ni nan kada in buge ka, da ya zo shiru ya fi haɗari. Na sha ganin yaron da ya wuce dattijo da gudu da safe, da yamma a wajen ɗaurin aure shine ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa gabanshi, kuma ba munafunci yake ba, a ƙasa ya ga babanshi, a kan moto kuwa abinda ya gani wani ne a hanya. Tarbiyyar tana nan, bata hau moton tare da shi bane kawai, kuma aikinmu ne mu ɗora ta.

Gudun kuwa kada ka yi shiru a kanshi, don ya wuce maganar girmamawa ya zama maganar rai. Hukumar lafiya ta duniya a rahotonta na 2023 tace kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shine kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowa shan wahalar in aka auna da yawan jama'a. Lungun da kake bi zuwa masallaci nan ne jikokinka ke wasa. Kai da ka je sunanshi kana da ikon da ɗan sanda bashi da shi. Ka aika a kira shi zaure, ba gaban abokanshi ba, kace wane ni na ci naman sunanka, ranar kaza ka wuce ni ka bule ni da ƙura. Zaka ga kunyar da zata kama shi. Ku dattawan unguwa kuma ku sa liman ya yi magana bayan sallah, a gaya ma iyaye su daina ba yaran da basu kai ba makulli.

Shiga sallah da ɓacin rai shine abinda ba zan so maka ba. In ya wuce ka, kafin ka kai ƙofar masallaci kace Allah ya shirye shi ya kai shi lafiya. Addu'ar babba ga yaro bata faɗuwa ƙasa, kuma wahala ne ka yi ma mutum addu'a ka ci gaba da jin zafinshi a raka'ar farko.

TAMBAYA: Kawu ni direban tanka ne, hanyar Tanout nake bi da ta Maradi. Kullum mu ake zagi, wai mun tare hanya wai muna ji da girman mota. Wani mai moto ya shiga gabana ya taka birki da gangan don ya rama, ban san ma me nayi mishi ba. Dan Allah ka faɗa ma mutane mu ma mutane ne.

AMSA: Ƙanena na faɗa, kuma ga shi na buga wasiƙarka yadda ɗan kabu-kabun da na fara amsa ma zai karanta. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, kilomita kusan 50 arewa da gari, mai tace ganga 20,000 a rana, tankoki sun zama abokan zamanmu a hanyar Tanout da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Ƙonni da Maradi ta ratsa mu ta nufi Gure da Diffa, dole mu koyi zama da ku.

Masu moto ku ji. Direban babbar mota yana zaune can sama, akwai wuraren da baya ganin komai, dab da hancin motar, gefen damanshi, da bayanshi. In baka ganin fuskarshi a madubinshi toh shi ma baya ganinka. In zai sha kwana dama sai ya fara buɗewa hagu don ƙafafun baya su samu wuri, kai sai kaga fili ya buɗe ka kutsa, alhali nan ne ƙafafun zasu bi. Kuma mota mai ɗauke da dubban litoci bata tsayawa inda direba yake so, man da ke ciki ma yana tunkuɗa ta gaba in aka taka birki. Wanda ya shiga gabanta ya tsaya don ya rama, ranshi ya sa a caca kan laifin da mai yiwuwa direban bai ma san an yi ba.

Kai kuma direba, tunda ka fi su girma nauyin haƙurin ya fi yawa a kanka. In ka shigo gari ka sauke gudu tun daga nesa, ka sa yaron motarka ya riƙa leƙa maka dama a kowace kwana, in layi ya taru a bayanka a hanyar daji ka samu wuri mai kyau ka raɓe su wuce, kuma kada ka tuƙa da barci a ido don ka cika lokaci. Madubin da ya fashe a canza shi kafin a tashi, ba sai an dawo ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu akwai wasiƙu biyu kan rabon gado da ɗaya daga wata baiwar Allah a Mirya kan rikicin layin famfo, masu su su ƙara min haƙuri sun iso hannuna.